Charles Dotter, likitan da ya mayar da bututun ɗaukar hoto kayan magani

A ranar 16 ga watan Janairun 1964 wata tsohuwa 'yar shekara 82 tana kwance a asibitin koyarwa na Jami'ar Oregon da ke birnin Portland a Amurka, yatsun ƙafarta ta hagu sun fara ruɓewa saboda jini ba ya isa gare su. Likitocin tiyata sun ce babu abin da ya rage sai a yanke ƙafar, ita kuwa ta ƙi amincewa.

Da aka rasa yadda za a yi da ita, sai aka miƙa ta ga shugaban sashen ɗaukar hoton cikin jiki na asibitin, Dokta Charles Dotter. Shi dai aikinsa a wancan zamani bai wuce ya ɗauki hoton jijiyar da ta toshe ya miƙa wa masu wuƙa ba. Amma a wannan rana ya zura wata siririyar waya ta jijiyar cinyar matar har ta ratsa wurin da ya tsuke, sannan ya bi ta da bututu na roba, ya ƙara da wani mai kauri a kansa, yana kallon komai a na'urar eksire.

Cikin 'yan mintoci ƙafar ta ɗauki ɗumi. Ciwon ya lafa, gyambon ya warke, ruɓaɓɓun yatsun suka faɗi da kansu, kuma matar ta ci gaba da takawa da ƙafafunta biyu har ta rasu kusan shekara uku bayan haka.

Daga wannan aiki ne masana tarihin likitanci ke fara lissafin wani sabon fanni, wato yi wa mutum magani daga cikin jijiyoyinsa ba tare da an tsaga shi ba. Ta irin wannan hanya ce a yau ake kai wa ƙarin sankarar hanta magani har inda yake.

Ɗan ƙere-ƙere

An haifi Charles Theodore Dotter a birnin Boston ranar 14 ga watan Yunin 1920, ya kuma tashi a jihar New York. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Duke a 1941, ya kammala karatun likita a Jami'ar Cornell a 1944. A 1952, yana da shekara 32 kacal, aka naɗa shi shugaban sashen ɗaukar hoto a Oregon, muƙamin da ya riƙe har rasuwarsa.

Ba shi ne ya fara sa bututu cikin jijiyar ɗan Adam ba. Tun a 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura wa kansa bututu ta hannu har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto domin shaida. A 1953 kuma Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar shiga jijiya da allura da waya ba sai an yanka fata ba. Sai dai a wajen akasarin likitoci amfanin bututun bai wuce a tura wani ruwa da ke sa jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro a hoto ba.

Dotter mutum ne mai son taɓa abu da hannunsa. Da yake ba a sayar da irin kayan da yake so, da kansa yake harhaɗa su daga abin da ya samu, har da tsirkiyar gita da wayar agogon gudun mota. A 1963, a wajen wani taron likitoci a Chicago, ya tarar da wani ƙaramin ɗan kasuwa mai suna Bill Cook yana lanƙwasa bututun Teflon da wutar walda. Ya ari kayan ya tafi da su masauki, da gari ya waye ya dawo da bututu goma da ya ƙera. Abotar da aka ƙulla a nan ce ta sa kamfanin Cook ya riƙa ƙera masa kayan aiki.

A wannan shekarar ce kuma, yana ƙoƙarin ɗaukar hoto, bututunsa ya ratsa wata toshasshiyar jijiya ba da niyya ba, ya kuma lura cewa hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. A watan Yuni ya je taron likitocin hoto a garin Karlovy Vary na ƙasar Chekoslobakiya ta wancan lokaci, inda ya shaida wa mahalarta cewa bututun nan zai iya zama kayan tiyata idan aka yi aiki da basira.

Gida ya ƙi, waje ya karɓa

A ƙarshen 1964 shi da ɗalibinsa Melvin Judkins suka wallafa sakamakon marasa lafiya na farko da suka yi wa aikin. Likitocin tiyata na Amurka ba su yi maraba da shi ba. Wasunsu na da hujja, domin bututun farko masu tauri ne, kuma akwai fargabar su ɓantaro daskararren kitse ya je ya toshe wata jijiyar. Amma akwai kishin sana'a a ciki, kuma shi kansa Dotter bai taimaki lamarinsa ba. Mutum ne mai zafin nama da son tsokana, kuma wani rahoto mai hotuna da mujallar Life ta yi a kansa a 1964 ya ƙara manna masa laƙabin da ke nufin Charlie mahaukaci.

Akwai labarin da shi kansa yake jin daɗin bayarwa. Wani likitan tiyata ya aiko masa da majinyaci, ya rubuta a takarda cewa hoto kawai ake so, kada ya kuskura ya gyara jijiyar. Dotter bai taɓa wadda aka ambata ba, amma ya ga wata kusa da ita da ta tsuke, ya buɗe ta. Daga baya aikin likitan tiyatar ya lalace, jijiyar da Dotter ya buɗe ce ta tsirar da ƙafar.

Shekaru sama da goma dabarar ba ta yi kasuwa a Amurka ba. A Turai ne ta samu gindin zama, musamman a hannun Eberhard Zeitler a Jamus, har likitocin can suka mayar da sunan Dotter sunan aikin. Daga wajen Zeitler ne Andreas Gruentzig ya koya, ya ƙara wa bututun 'yar balan-balan da ake hurawa a cikin jijiya, ya kuma buɗe jijiyar zuciyar wani mutum da ita a birnin Zurich a watan Satumban 1977. Sai a lokacin ne Amurka ta waiwayi abin da aka faro a cikin gidanta.

Hanyar zuwa hanta

Dotter bai yi suna a kan maganin sankara ba, amma ɗakin aikinsa ne ya share hanyar. A 1967 Josef Rösch, wanda suka haɗu a Karlovy Vary, ya koma Portland. A 1970 suka juya dabarar: maimakon buɗe jijiya, suka toshe ta da gangan. Wata majinyaciya ce jini ke zuba a cikin tumbinta, suka kai bututu bakin jijiyar da ke zubar, suka cusa gudan jininta da ya daskare, zubar ta tsaya.

Wannan toshewa ta dace da hanta fiye da kowace gaɓa, saboda yadda Allah ya halicce ta. Hanta na samun jini ta hanyoyi biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu na zuwa ne ta babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga hanji, sauran kuma ta jijiyar da ke kawo shi daga ɓangaren zuciya. Shi kuwa ƙarin sankara kusan duk abincinsa ta wannan ta biyun yake sha. Ke nan idan aka shiga ta gindin cinya, aka bi jijiya har reshen da ke ciyar da ƙarin, aka zuba maganin sankara a nan sannan aka toshe reshen, ƙarin zai sha guba ya kuma rasa jini, lafiyayyar hanta kuma ta ci gaba da rayuwa da ɗaya hanyar.

Likitocin Japan, inda sankarar hanta ta yi yawa, su ne suka raini wannan aiki. A 1983 Ryusaku Yamada da abokan aikinsa suka bayar da rahoton marasa lafiya 120 da suka yi wa. An daɗe ana gardama kan amfaninsa, sai a 2002 wasu gwaje-gwaje biyu a Barcelona da Hong Kong suka nuna cewa yana ƙara wa zaɓaɓɓun majinyata tsawon kwana. Ba kasafai yake kawar da cutar baki ɗaya ba, amma yana riƙe ta, wani lokaci har a samu damar dashen hanta. Akan kuma tura ƙananan ƙwayoyi masu tururin nukiliya ta wannan hanya.

Sai dai aikin na buƙatar hantar da ba ta gama lalacewa ba. A Afirka ta Yamma, inda ƙwayar cutar hanta nau'in B ke haddasa yawancin wannan sankara, akasarin majinyata kan isa asibiti ne bayan lokacin ya wuce, ga kuma ƙarancin na'urorin da ƙwararrun.

Sankarar fata ma ta amfana. A farkon shekarun 1990 John Thompson da abokan aikinsa a birnin Sydney na Ostireliya suka fito da wata dabara domin mugun nau'in nan da ake kira melanoma idan ya bazu a ƙafa ko hannu. Akan sa bututu biyu a jijiyoyin gaɓar, a ɗaure ta tamau daga sama, a zagaya da magani mai ƙarfi a cikinta kaɗai na kimanin rabin sa'a, a wanke sannan a kwance. Ta haka an ceci gaɓoɓin da da yanke su za a yi, ko da yake sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki sun rage buƙatar aikin daga shekarun 2010.

Majinyaci mai hawan duwatsu

Shi kansa Dotter ya san sankara a jikinsa. A ƙarshen shekarun 1960 aka gano yana da ta kaluluwa da ake kira Hodgkin. Da ta lafa, sai ya tafi Suwizalan ya hau dutsen Matterhorn mai tsawon mita 4,478 ba tare da ɗan jagora ba. Cutar ta sake dawowa a shekarun 1970, aka kuma yi masa tiyatar zuciya, amma bai bar aiki ba. Tun a 1969 ya gwada sa ɗan murɗaɗɗen ƙarfe cikin jijiyar karnuka don hana ta sake tsukewa, wanda shi ne kakan irin da ake sa wa masu ciwon zuciya yanzu. An gabatar da sunansa don lambar yabo ta Nobel a 1978, bai samu ba.

Ya rasu a Portland ranar 15 ga watan Fabrairun 1985 yana da shekara 64, makonni kaɗan bayan rasuwar Judkins. A watan Oktoban shekarar Gruentzig ma ya mutu a haɗarin jirgin sama a jihar Georgia. A 1990 Bill Cook ya bayar da dala miliyan biyu aka kafa cibiyar bincike da sunan Dotter a jami'ar da ya yi wa aiki, Rösch ya zama shugabanta na farko.