Robert Burns: Manomin da ake tunawa da shi da kayan cikin tunkiya

Duk daren 25 ga watan Janairu, magidanta a Scotland, arewacin Birtaniya, kan gayyato 'yan uwa da abokai walima a gida domin tunawa da marubucin waƙoƙi Robert Burns. Abincin da ake taruwa a kansa kayan cikin tunkiya ne, abincin talaka, domin shi ma wanda ake tunawa da shi talaka ne.

Ɗan gonar haya

An haifi Burns ranar 25 ga Janairun 1759 a ƙauyen Alloway, cikin gidan ƙasa da mahaifinsa William ya gina da hannunsa. Shi ne babba a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifin ba shi da gona tasa, haya yake yi, amma ya dage 'ya'yansa su yi karatu. Tun yana yaro Robert ke bin garma. Mahaifin ya rasu a 1784 bayan doguwar shari'a da mai gona, nauyin gida ya koma kan Robert da ƙanensa Gilbert.

A gona ya fara tsara waƙa, kuma da yaren Scots na manoma, wanda masu ilmi na lokacin ke yi wa kallon na ƙauyawa. Ya yi wa ɓeran da garmarsa ta rushe wa sheƙa waƙa, ya kuma caccaki munafunci a coci.

A 1786 talauci ya kai shi bango, har ya karɓi aikin akawu a wata gonar rake a Jamaika, inda bayi ke noma. Don ya haɗa kuɗin jirgi ya buga waƙoƙinsa a garin Kilmarnock, kwafi 612. Cikin 'yan makonni suka ƙare. Ya fasa tafiyar, ya nufi Edinburgh, inda manyan birni suka yi ta rububinsa.

Suna ya samu, kuɗi ba su zauna ba. Ya auri Jean Armour a 1788 bayan mahaifinta ya daɗe yana ƙi, kuma tarihi bai ɓoye cewa ya haifi 'ya'ya da wasu mata a waje ba. Noman da ya koma yi a Ellisland bai karɓe shi ba, ya kama aikin haraji, ya tare a Dumfries a 1791. A shekarun nan ya tattara tare da gyara ɗaruruwan waƙoƙin gargajiya, galibi ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Ya rasu ranar 21 ga Yulin 1796 yana da shekara 37, ana bin sa bashi. Ranar da aka binne shi matarsa ta haifi autansu, Maxwell.

Yadda walimar take

Shekara biyar bayan rasuwarsa, a watan Yulin 1801, mutum tara suka haɗu a gidan da aka haife shi, suka ci abinci suka karanta waƙoƙinsa. Daga baya aka mayar da taron ranar haihuwarsa.

Babban abincin shi ne haggis. Zuciya da hanta da huhun tunkiya ake niƙawa, a haɗa da kitse, albasa, kayan yaji da garin wani hatsi dangin alkama, a ɗura a tumbi a dafa. In ban da hatsin, mahautan kasuwar Jega da manoman albasar Aliero sun isa su haɗa wa mutum kayan girkin. Burns ya yi wa abincin waƙar yabo a 1786, yana ɗaukaka shi a kan girkin ƙasashen waje na masu hali.

Idan baƙi sun zauna sai a yi addu'a, a sha miya. Daga nan kowa ya miƙe, a shigo da haggis a faranti, ana busa wani abin busa mai jakar iska, mai amo irin na algaita. Mai gida ko wani mai murya ya karanta waƙar, ya farke tumbin da wuƙa, a raba da dankalin Turawa. Giyar wiski na cikin al'adar, sai dai masu ƙin sha kan yi tasu da lemo, kuma ana samun haggis na halal a Scotland.

Bayan cin abinci wani zai tashi ya ba da tarihin marigayin, a bi da waƙoƙi da barkwanci tsakanin maza da mata. A ƙarshe a riƙe hannun juna a rera Auld Lang Syne, waƙar tuna tsohon zumunci da Burns ya ce daga bakin wani tsoho ya ji ta ya rubuta. Ita ce ake rerawa a ƙasashe da dama daren shiga sabuwar shekara.