Tuna Baya: Mamman Shata, mawaƙin da bai yarda ƙa'ida ta ɗaure masa harshe ba

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa da ke jihar Katsina ta yanzu a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, domin ba gadon gidansu ba ce. Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana rera waƙa a dandali, kafin daga bisani ya rungumi kiɗa a matsayin sana'a.

Rashin gadon nan ya ba shi 'yanci. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan tsara waƙa tare da yaransu tun a gida, jagora ya ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa. Shi kuwa Shata ya taƙaita aikin 'yan amshinsa ga maimaita gindin waƙa, sauran filin kuma nasa ne. Yakan ja ɗa ya yi tsawo, ko ya datse shi, ko ya sako sunan wanda ya shigo wurin a lokacin. Shi ya sa da wuya ka ji ya rera waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya.

Kalangu ya dace da wannan salo. Makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, sautin ya hau ko ya sauka kamar yadda karin harshen Hausa yake yi, don haka duk inda muryar Shata ta karkata, kiɗan na biye da ita. Da ma an fi sanin kalangu da mahauta da 'yanmatan dandali, amma Shata ya kai shi gaban sarakuna, ciki har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Ya yi wa manoma da direbobi da sojoji waƙa, har da kumbon Apollo 11 na Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura. Har gobe ana sauraronsa daga Funtuwa zuwa Dogondutsi, kuma matasan da ke haɗa kiɗa da kwamfuta na da abin koyo a wurinsa: sai gindin waƙa ya kafu sannan murya ke samun damar yawo.