Joshua Lionel Cowen: Mutumin da Jirgin Wasansa Ya Yi Hayaƙi

Ni dai ban taɓa jin sunan Joshua Lionel Cowen ba sai da firojet ya sha mini kai. Ina neman yadda ɗan kan jirgin ƙasa da na ƙera zai riƙa fitar da hayaƙi, fitilar gabansa kuma ta haska sosai, sai bincike ya kai ni kansa. Na ga ya dace in kawo muku tarihinsa, musamman 'yan uwana na sashen lantarki da na kanikanci, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

An haife shi a birnin New York na Amurka a shekarar 1877, ɗan wasu Yahudawa 'yan ci-rani. Tun yana yaro ɗan taɓe-taɓe ne, irin mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa. Shi da kansa yakan ba da labarin cewa yana ɗan shekara bakwai ya sassaƙa kan jirgi da katako, ya sa masa ɗan injin tururi, abin ya fashe a kicin ɗin gidansu. Ya shiga jami'a amma bai gama ba. Kada dai wani ya ce na ba shi lasisin gudun lakca! A 1899 ya yi rajistar wata na'ura mai kunna hodar da masu ɗaukar hoto ke haska wuri da ita.

A 1900 ya kafa kamfanin Lionel. Jirginsa na farko ma ba don yara ya yi shi ba. Wani ɗan tarago ne mai aiki da batir, wanda aka sa a tagar kanti yana zagayawa don ya jawo hankalin masu wucewa. Sai mutane suka ƙyale hajar kantin, suka ce jirgin suke so. Nan Cowen ya gane inda kasuwa take.

A 1906 ya fito da manyan jiragen wasa masu tafiya a kan dogo mai ƙarfe uku. Na tsakiya shi ke ɗauke da wuta, biyun gefe su mayar da ita, saboda haka ko layi ya zagayo ya haɗe da kansa, wuta ba ta haɗuwa. A 1935 jiragensa suka fara busa usur. Abin da ya rage shi ne hayaƙi, domin kan jirgin tururi da ba ya hayaƙi, ai ko yaro ya san da sauran aiki.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, injiniyoyinsa suka kawo dabara. Suka yi ƙwan fitila na musamman mai ɗan loɓawa a samansa. Sai a jefa wata 'yar ƙwaya ta bututun hayaƙi, ta faɗa cikin loɓawar, zafin ƙwan ya narkar da ita. Wani ɗan mahuri da aka haɗa da juyawar ƙafafun jirgin, kamar zugazugin maƙera, shi ke turo hayaƙin waje daidai da tafiya. Kun ga ke nan ƙwai ɗaya, aiki biyu: ga haske, ga zafi.

A takarda abin gwanin sha'awa, amma a aikace ya zo da matsala. Sinadarin ƙwayar yana cin ƙarfe, ya bar tsatsa a cikin injin. To a nan ne mutumin ya burge ni. Kamfanin bai tsaya kare dabararsa ba. A 1947 aka watsar da ita, aka ba hayaƙi wayarsa ta dumamawa daban, aka sauya ƙwayar, fitila kuma ta koma aikinta na haske kawai. A 1957 suka fara amfani da wani ruwa mai maiƙo da ake ɗigawa, wanda har yau irinsa ake sa wa manyan jiragen kwaikwayo.

A farkon shekarun 1950 Lionel yana cikin manyan kamfanonin kayan wasa na duniya. Daga baya kasuwa ta ja baya, hankalin yara ya koma kan talabijin da motocin tsere. A 1959 Cowen ya sayar da hannun jarinsa, ya mutu a jihar Florida a 1965.

Abin kunyar shi ne, ni ma kuskuren 1946 na tafka. Na ɗora wa ƙwai ɗaya haske da zafi, ina ta alfahari da na rage kuɗin kaya. In na ƙara wuta don hayaƙi ya yi kauri, ƙwai ya ƙone. In na rage, ba hayaƙi, hasken ma kamar na aci-balbal. Sati uku ina wannan fama, ranar kare firojet tana matsowa, amma na ƙi sauyawa don kawai ni na ƙirƙiro. Da na karanta tarihin nan sai na haƙura, na sa fitilar LED a layinta, wayar dumamawa a nata. Wallahi rana ɗaya aikin ya ɗauke ni.

Duk wanda firojet ɗinsa ya cije, ya duba ko wata dabara ce yake jin nauyin rabuwa da ita.