Shettima Kashim Ibrahim: Malamin Makaranta da Ya Gaji Gwamna Bature

Idan ka karanta tarihin Amurka, za ka ga cewa da bakin bindiga mutanenta suka karɓi 'yancinsu. Yankuna 13 ne suka yi wa Sarkin Ingila tawaye, domin ana ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Yaƙi ya ɓarke a 1775, George Washington ya jagoranci mayaƙansu, kuma Ingila ba ta saduda ba sai a 1783. Mu ma Ingila ce ta mulke mu, amma tamu gwagwarmayar a aji aka yi ta, da shafukan jarida, da zauren majalisa. Daga cikin waɗanda suka yi ta akwai wani ɗan Maiduguri, Kashim Ibrahim.

An haife shi a Yerwa ranar 10 ga Yuni, 1910. A lokacin garin ma sabo ne, domin a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa ya kafa fadarsa a nan. Wato Kashim ya buɗe ido ya tarar Turawa sun riga sun kama ƙasa. Kanuri ne harshen gidansu, saboda haka shi ma, kamar kai, koyon Hausa ya yi.

Ya yi karatu a makarantar lardin Borno, sannan a 1925 ya tafi Kwalejin Katsina, inda ake horar da malamai. A can ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, za mu sake haɗuwa da su. Da ya gama a 1929, sai ya dawo gida ya kama koyarwa a makarantar midil ta Borno. Daga baya ya zama malami mai rangadi, yana zagaya makarantun elementare na lardin yana duba yadda ake koyarwa. Aikin ba mai sauƙi ba ne. Borno ƙasa ce mai faɗi, ta kuma daɗe da shahara a karatun Alƙur'ani, iyaye da yawa ba sa ganin abin da boko zai ƙara wa 'ya'yansu. Kashim ya rubuta littattafan karatu da na lissafi da Kanuri, domin yaro ya fara da harshen da yake ji. A 1935 aka naɗa shi Shettima, sarautar da ta zame masa kamar suna.

Siyasa ta zo ta same shi yana wannan aiki. Yana cikin manyan Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, kuma a 1952 ya tafi Legas ya zama ministan kula da jin daɗin jama'a, tare da Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu.

A Legas ɗin ne ya ga rana mafi zafi. Ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya nemi a cire shekarar, a bar maganar sai lokacin da ya dace. Wakilan Kudu suka fusata suka fice. A waje kuma jama'a suka yi wa wakilan Arewa ihu, suna kiransu 'yan amshin shatan Turawa. A watan Mayu rikici ya tashi a Kano, aka yi kwana huɗu ana faɗa, aka rasa rayuka da dama. Saura ƙiris ƙasar ta rabe.

Wataƙila ka tambaya, me zai sa mutum ya ce a jinkirta masa 'yanci? Amsar tana cikin ajin da Kashim ya baro. Ya san yawan yaran da ke makaranta a Arewa, ya san ba su kai su riƙe ofisoshi, asibitoci da kotuna ba. Tsoronsu shi ne Bature ya tafi, aikin gwamnati duka ya koma hannun 'yan Kudu, waɗanda suka daɗe da rungumar boko. A ganina wannan tsoro yana da tushe. Sai dai ba kowa ne ya yarda da shi ba, ko a Borno. Ibrahim Imam, shi ma ɗan Yerwa, ya bar NPC ya haɗa kai da samarin Borno masu neman sauyi, waɗanda ke ganin cewa sarakuna da En'e suna fakewa ne da jinkiri domin su tsare mulkinsu. Da Kashim ya zama Wazirin Borno a 1956, waɗannan samari ne manyan abokan hamayyarsa.

An ci gaba da tarurrukan tsarin mulki a Landan da Legas. Gabas da Yamma suka sami mulkin kai a 1957, Arewa kuma ranar 15 ga Maris, 1959. Ranar 1 ga Oktoba, 1960 aka sauke tutar Ingila, Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Amma a Kaduna gwamnan Jihar Arewa Bature ne har yanzu, Sa Gawain Bell. Sai a 1962 ya sauka, Kashim Ibrahim ya gaje shi, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. A shekarar ne kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma, aka koma kiransa Sa Kashim. Ikon gudanar da mulki yana hannun Firimiya, wato Sardauna. Gwamna uba ne, mai sa hannu a dokoki.

Kujerar ba ta kai shekara huɗu a hannunsa ba. Ranar 15 ga Janairu, 1966 wasu sojoji suka yi juyin mulki, suka kashe Sardauna a Kaduna, suka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, shi ma aka kashe shi. Kashim ya tsira da ransa, ya zama mai ba gwamnan soja, Hassan Usman Katsina, shawara. Daga nan ya koma fagen da ya fito: ya zama uban Jami'ar Ibadan, daga baya na Jami'ar Legas.

Ya rasu ranar 25 ga Yuli, 1990, yana da shekara 80. Idan ka je Kaduna, za ka tarar gidan gwamnati yana ɗauke da sunansa. Haka ma babban ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da kwalejin horar da malamai ta Maiduguri.