Vasco da Gama, madugun da ya sauya wa masoro hanya

Duk ranar Talata, masu saye daga Bakura da Maradun sukan tsaya gaban mai kayan yaji a kasuwar Talata Mafara, a auna musu masoro ɗan kaɗan na daka yaji. Wannan masoro na gida ɗan'uwa ne ga na Indiya, wanda baƙinsa da farinsa duk itace ɗaya ke haifa: baƙin ɗanye ake shanya shi, farin kuwa sai ya nuna a jiƙa a cire ɓawon. A kan wannan ƙwaya Vasco da Gama ya yi suna, a kanta kuma ya zubar da jini.

An haife shi a garin Sines na ƙasar Fotugal a shekarun 1460. A zamaninsa masoron Indiya yakan bi ta Bahar Maliya zuwa Alƙahira da Iskandariyya, inda fataken Venis ke sara su kai Turai. Kowane zango da harajinsa, kowane dillali da la'adarsa, kafin kaya su isa Lisbon kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Sarki Manuel ya ƙudura ya kauce wa waɗannan hannaye, sai ya ɗora wa da Gama aikin.

Ranar 8 ga Yulin 1497 ya tashi daga Lisbon da jiragen ruwa huɗu da mutum kamar 170. Ya kewaye ƙarshen kudancin Afirka, ya sami jagora masanin teku a Malindi, ya sauka kusa da Kalikut ranar 20 ga Mayun 1498. Nan ya sha kunya. Kyautar da ya kawo wa sarkin garin, wato yadi da huluna da sukari da zuma, ta zama abin dariya ga fadawa, domin kasuwa ce da ta saba da zinariya, kuma fataken Musulmi sun daɗe da kafuwa a cikinta. Da ƙyar ya sami ɗan kaya. A hanyar komawa cutar kumburin dasashi ta yi musu ɓarna, fiye da rabin mutanensa suka rasu, har da ɗan'uwansa Paulo. Duk da haka ya isa gida a 1499, hanya ta buɗe.

Zuwansa na biyu a 1502 na yaƙi ne, da jirage 20. Ya tare wani jirgi mai ɗauke da alhazai masu dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyarsu, ya cinna masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, mata da yara. Ya kuma yi wa Kalikut ruwan igwa. Duk wanda zai yabi jarumtarsa a teku, dole ya ajiye wannan ta'asa a gefen yabon.

Tafiyar tasa ta taɓa ƙasar nan. Tun wajen 1486 Turawan Fotugal ke sayen masoro irin namu daga masarautar Benin. Da na Indiya ya fara kwarara, sai a 1506 Sarki Manuel ya haramta shigo da na Benin don kada ya karya farashin wanda fada ta mallake cinikinsa. Kasuwar da mutanen Benin suka fara ci ta mutu da umarni guda. Ita ma hanyar Bahar Maliya ta yi rauni, amma kafin tsakiyar ƙarnin ta farfaɗo, fataken Musulmi suka koma harkarsu.

A 1524 aka naɗa shi wakilin sarki a Indiya. Bai yi wata huɗu ba rashin lafiya ta kama shi, ya rasu a Kochin ranar 24 ga Disamba. Daga baya aka mayar da ƙasusuwansa Fotugal. Yau kabarinsa na cikin majami'ar Jeronimos a Lisbon, wadda harajin masoro ya taimaka wajen gina ta, ƙasar da ta fi kowace fitar da masoro a duniya kuwa Biyetnam ce.