Labarin Bak, Makaɗin Jamus

An haifi Yohanna Sabastiyan Bak a ƙasar Jamus cikin 1685. Tun bai cika shekara 10 ba ya zama maraya, wansa ya riƙe shi, ya koya masa kiɗa. Ya gwanance a hafsikod, wato akwati mai tsirkiya da yawa. In an danna, tsinken gashin tsuntsu yakan kaɗa tsirkiyar, kamar garayar da muka sani a Karaye da Rogo. Cikin 1705 ya taka wajen mil 250 zuwa Lubek garin sauraron wani tsohon gwani. Shekara 27 yana shirya waƙoƙin sujada a Laifzig. Ya makance, ya rasu cikin 1750. Mu fa, zango nawa muka taɓa yi domin neman sani?