MALAM AMINU KANO: MALAMIN MAKARANTA A MAJALISA

Jama'a, a cikin wannan fitowa ina so in ba ku labarin wani mutum wanda ya fara da irin aikin nan da mu ke koyo, watau koyarwa, sa'an nan ya ajiye alli ya shiga siyasa. Mu mutanen Orozo, in mun shiga gari mukan bi ta titin da a ka sa wa sunansa a Wuse, amma da yawa daga cikinmu ba su san cewa sa'ad da ya ke raye rabin manyan Arewa ba sa ko son jin sunan nan ba.

An haifi Malam Aminu a birnin Kano ran 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu malamin shari'a ne a kotun Alƙalin Kano. Saboda haka tun yana ƙarami ya sami karatun Alƙur'ani da na littattafai a gida. Ya yi elementare a Shahuci, ya yi Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna. Cikin 1942 a ka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci. A can ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa taruwa suna tattauna yadda En'e ke tafiyar da mulki. Cikin 1946 ya tafi Landan ƙarin ilmin koyarwa, da ya komo kuwa ya kafa ƙungiyar malaman makarantu ta Arewa cikin 1948. Bayan wannan a ka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato.

To, a nan ne ya yanke shawarar da ta juya rayuwarsa. A zamanin nan ma'aikacin Gwamnati ba shi da bakin sukar hukuma a fili. Malam Aminu kuwa ya ga talaka na biyan haraji da jangali, ana tilasta masa aikin da ba lada, kuma ba shi da inda zai kai kuka. Sai ya ajiye aiki a ƙarshen 1950, ya bar albashi da fansho, ya koma Kano ya shiga jam'iyyar NEPU wadda a ka kafa ran 8 ga Agusta na shekarar. Cikin 1953 ya zama shugabanta.

Hanyarsa zuwa majalisa ba ta zo da sauƙi ba. Zaɓen 1951 hawa-hawa a ka yi shi, kuma a hawa na ƙarshe En'e na da ikon cusa nata mutane, don haka ko da ya ke NEPU ta yi rinjaye a wasu wurare tun daga ƙasa, ba ta kai ga kujera ba. Cikin 1954 Malam Maitama Sule na jam'iyyar NPC ya kayar da shi, cikin 1956 ya sake faɗuwa. A tsakanin nan magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, musamman a Kano zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Sai cikin 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya tafi Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko.

Me ya sa a ka yi ta jayayya a kansa? Dalili na farko, sarakuna da mutanensu sun ce yana koya wa talakawa raina na gaba, yana kuma neman rushe gadon Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Shi kuwa da littattafan Shehun ya ke kafa hujja a kan zaluncin masu mulki, ga shi kuma mai tafsiri ne, saboda haka ba a iya kore shi da cewa bai san addini ba. Na biyu, ya nace a ba matan Arewa ƙuri'a da ilmi, a lokacin da ko jin wannan magana ba a so. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a zamanin mulkin soja, cikin shekarun 1970. Na uku, NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, sai abokan hamayya suka ce ya sayar da Arewa ga mutanen Kudu.

Wannan ƙawance ne ya sa shi cikin tsaka mai wuya. Bayan zaɓen 1959 NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren Gwamnati a majalisa. Watau a Ikko yana zaune gefe ɗaya da jam'iyyar da ke ɗaure mutanensa a gida. Wasu daga cikin 'yan NEPU ba su ji daɗin haka ba ko kaɗan. Ya rasa kujerar a zaɓen 1964.

Zamanin Janar Gowon ya riƙe Kwamishinan Sadarwa daga 1967, sa'an nan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Cikin 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1979, ya zo na huɗu cikin mutum 5. Amma jam'iyyarsa ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuwa suka soke haraji da jangali, abin da ya yi shekara kusan 30 yana nema. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta rabe biyu, 'yan Taɓo na tare da Malam, 'yan Santsi na tare da gwamnonin, har almajiransa na jiya suka riƙa zarginsa da sassautawa. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 ba a gama sasantawa ba.

Ni dai a ganina, ko mai ƙinsa ba zai musa abu ɗaya ba: ya riƙe manyan muƙamai, ya mutu a ɗan gidansa na Gwammaja bai tara dukiya ba. Gidan nan, Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da shi wurin nazarin dimokuraɗiyya. 'Yan'uwana masu shirin fita koyarwa, yaran da za a ba mu a ƙauyuka yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, irin waɗanda Malam ya bar albashinsa dominsu. Mu koya musu karatu sosai, har su iya karanta takardar da a ka ce su sa wa hannu, su kuma tambayi dalili. Allah ya jiƙan Malam Aminu.